Yini Ɗaya a Alƙahira

Sai da na wuce shi a bakin tashar jirgin ƙasa kafin ya kira sunana.

"Sa'adiyya."

Na juyo. Muryarsa ce, amma jikin kamar ba nasa ba. Sama'ilun da na sani yana saɓa buhun gero daga gona har gida bai sauke ba. Wannan kuwa rigar jikinsa ta yi masa yawa kamar ta aro.

"Yaya Sama'ilu... kai ne?"

"Ni ne. Ko kin manta fuskar?"

Ina zan manta? Shekara biyu rabona da shi, tun da na bar ƙauyenmu na bayan Kunci na taho Masar karatun aikin jinya. Maƙwabta muke, tare muka taso, kowa ya san muna son juna. Sai rigimar iyakar gona ta shiga tsakanin Babana da nasa a kan kunya uku ta gyaɗa, har gaban dagaci. Baba ya rantse ba zai haɗa zuri'a da gidansu ba. Duk da haka muna waya a ɓoye, har ranar da Sama'ilu ya daina ɗauka, babu ko sallama.

Jiya kwatsam yayansa Khalilu ya kira ni. Wai kwanansu goma a Alƙahira, jibi za su koma, kuma Sama'ilu yana roƙon in zagaya da su gari.

Na gaishe da Yaya Khalilu. Ya amsa, ya ja baya kaɗan ya bar mu a gaba.

"Me ya kawo ku Masar?" na tambaya.

"Ki fara nuna mini garinki tukuna."

Na kai su kasuwar Khan Khalili. Lungunanta matsattsu, fitilu masu launi a rataye, ƙamshin turare da gasasshen kofi ko'ina. Sama'ilu yana tafe a hankali, yana taɓa komai. Ya ɗebi wake a buhun wani mai shago ya murza, ya ce bai kai na Kunci cika ba. Da aka miƙo masa jan abin sha mai sanyi ya kurɓa, sai ya yi dariya.

"Wannan ai zoɓo ne."

"Karkade suke ce masa."

"Duk nisan nan na zo, zoɓo za ki ba ni?"

Na yi dariya ni ma, sai na tuna fushi nake da shi. Na tsaya cak a tsakiyar lungun.

"Me na yi maka? Shekara guda ina kira kana kashewa."

Ya sunkuyar da kai.

"Huseina ce ta nuna mini hotonki da wani a bakin makaranta. Ta ce an kawo kuɗin gaisuwarsa gidanku, Babanki ya karɓa."

Huseina 'yar Baffana ce. Ita nake tura wa hotunana, ita nake ba saƙo ta kai masa.

"Hoton 'yan ajinmu ne, mu takwas. Yanke sauran ta yi."

"Na gane daga baya, ranar da ita kanta ta aiko mini da wasiƙar soyayya. Kunya ta hana ni nemanki, Sa'a. Na yi ta cewa gobe, gobe..."

"Ka cuce ni."

"Na sani."

Muka yi azahar a masallacin Azhar. Da na fito daga sashen mata na same shi zaune a kan dandamali, ya jingina da ginshiƙi yana haki. Hasken rana ya faɗa a fuskarsa, a nan na ga abin da duhun kasuwa ya ɓoye mini. Farin idonsa ya koma rawaya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ya shata su.

Ɗalibar jinya ce ni. Na ga irin wannan a asibiti.

"Hanta ce?" na tambaya.

"Akwai sauran wuri ɗaya. Kogin nan da muke karantawa a firamare, ki kai ni," ya ce.

Muka shiga ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai bayan la'asar. Yaya Khalilu ya zauna can gaba wajen matuƙi, ya juya mana baya. Sama'ilu ya tsoma hannu cikin kogin Nilu ya daɗe bai cire ba.

"Da muna da ruwa haka a gida, da ba mai rigima a kan kunya uku."

"Ka faɗa mini gaskiya."

Ya share hannunsa a riga.

"Ciwon dajin hanta ne. Likitan Kano ya ce mu gwada nan, dangi suka haɗa ƙarfi muka taho. Na nan ya ce mun makara. Ya ce in koma gida cikin 'yan'uwana."

"A'a. Akwai wasu asibitocin, na san malamanmu, zan..."

"Uku muka je, Sa'a."

Na rufe fuskata da mayafi. Kukan ya ƙi tsayawa.

"Haba abar ƙaunata, ban zo don in sa ki kuka ba. So nake in ga inda kike zaune, in ji da kunnena kin yafe mini."

"Na yafe. Wallahi na yafe." Na ɗago. "Ka aure ni, Yaya Sama'ilu. Ko kwana ɗaya ne."

"Ki zama mai takaba kina shekara ashirin da biyu?"

"Ni na ji, ni na gani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To ki gama jarrabawarki. In Baba ya yarda, ina jiranki."

Ranar da jirginsu ya tashi na kira Baba na faɗa masa komai, har da abin da Huseina ta yi. Ina gamawa ya kashe wayar. Bayan kwana biyu Inna ta ce mini an ga Baba ya shiga gidansu Sama'ilu da ƙwaryar fura a hannunsa, ya zauna tabarma ɗaya da mahaifinsa, sun yi kuka tare. Aka sa ranar ɗaurin aure Juma'ar da zan sauka Kano.

Saura kwana tara.

Ina fitowa daga jarrabawar ƙarshe na ga kiran Baba. Bai taɓa kirana da kansa ba tun da na zo Masar.

"Sa'adiyya."

"Na'am, Baba."

"Sai haƙuri. Allah ya yi wa Sama'ilu rasuwa da hantsin nan. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na zauna a kan matakalar ajin. Ɗalibai suna wucewa ta gefena suna hira.

"Ni na yi masa wanka," Baba ya ce. "Yaron nan a gabana aka haife shi... Ki yafe mini, 'yata."

Na matse wayar a kunnena. Ina jiyo kukan mata daga nesa, har katin wayarsa ya ƙare.