Zaren Hannu Ya Kwance

A wani zamani an yi wani gwarzon ɗan dambe wanda bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba. Wata rana ana tsakiyar dambe, zaren hannun abokin karawarsa ya kwance. 'Yan kallo suka ɗau ihu, "Buge shi! Buge shi!"

Gwarzon ya sauke hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ɗaure hannunka, ina jira."

Da aka koma, santsi ya kwashe gwarzon, ya yi tangaɗi, fuskarsa a buɗe. 'Yan kallo suka sake ihu, "Buge shi! Buge shi!" Ya runtse ido yana jiran naushi.

Sai ya ji abokin karawarsa ya ce, "Ɗan'uwa, gyara tsayuwarka, ina jira."

Ya buɗe ido, ya yi ajiyar zuciya. Gwiwarsa ba ta kai ƙasa ba.