Sabo Ne Kawai

"Ka matsa, numfashinka na shigar min makirufo."

Ko kallonsa ba ta yi ba ta faɗa. Ɗakin ɗaukar muryar ɗan mitsitsi ne, an liƙe bangonsa da soso, mutum biyu ba sa tsayawa ciki sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Da can wannan matsin ne abin da ta fi so a aikin. Yau kuwa ji take kamar an kulle ta da kunama.

"Makirufon ɗaya ne," ya ce. "In ya dame ki, ke ki daina numfashin."

Wani tsohon shirin talabijin suke mayarwa Hausa, labarin jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Ita ce muryar likitar jirgin, shi kuma muryar mutum-mutumin da ke kula da injina. Tun ana wasa har sunayen suka bi su, kowa Likita yake ce mata, shi kuma Ɗan Ƙarfe. Har mahaifiyarta ma da sunan take tsokanarta.

A wannan ɗakin suka fara soyayya, a nan kuma ta ruɓe.

Mai tace sautin ofishin ce ta turo mata wani guntun sauti a waya, waccan mai "ƙawata, ƙawata" da murmushi har kunne. Ta rubuto cewa ba ta so ta faɗa ba, amma amana ta hana ta shiru. Likita ta danna, sai ga muryarsa tar a kunnenta.

"Ban taɓa son Likita ba. Sabo ne kawai."

Ta kunna wa Yayanta tana kuka. Shi kuwa dama abin nema ya samu, tun farko cewa yake wane irin namiji ne zai tsufa yana kwaikwayon gwangwani. Shi ya mayar wa Ɗan Ƙarfe zoben baikonsa a bakin ƙofa, a gaban maƙwabta. Da Ɗan Ƙarfe ya tare ta a matakalar ofis ya tambayi laifinsa, cewa ta yi, "Ka tambayi bakinka." Shi ma zuciya ce da shi kamar ta kuturu, bai sake tambaya ba. Ya ajiye aiki, da an gama kashin ƙarshe na yau zai bar garin.

Darakta ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninsu. Tsoho ne mai ƙa'ida ɗaya, ba ya ba kowa layinsa sai ranar ɗauka, wai kada murya ta tsufa a baki. Mai tacewa na zaune gefensa tana wasa da maɓallai.

"To, 'ya'yana. Jirgi ya kama wuta. Kwale-kwalen tsira na gab da tashi, amma dole wani ya tsaya ya riƙe ƙofa. Ɗan Ƙarfe zai tsaya. Ke kuma kin ƙi tafiya ki bar shi."

"Likitar nan sakarya ce," in ji ta. "Tun farkon shirin nan lissafi yake da ita. Ƙarfe ya san so ne?"

"Wanda ya koyi dariya saboda ita?" Ɗan Ƙarfe ya faɗa yana kallon allo. "Wanda ya kwance hannunsa aka gyara mata injin numfashi?"

"Aikinsa ne. Haka aka ƙera shi."

"Ita kuma haka aka ƙera ta, ta yanke wa mutum hukunci ba ta ji ta bakinsa ba?"

"Wani bakin ai an ji shi. An ji shi sarai."

"Ya isa," Darakta ya ce. "Wannan wutar ku zuba min ita a makirufo. Kunna mata inda yake magana da kyaftin, wanda muka ɗauka kwanaki. A shirin laɓe likitar take bayan ƙofa, dole ta ji kafin ta amsa."

Hannun mai tacewa ya tsaya cak.

"Baba Darakta, a tsallake wannan mana, ai an gama shi. Lokaci na tafiya."

"Ke ce darakta ko ni?"

Allo ya haska. Jajayen fitilu, hayaƙi, mutum-mutumi tsaye gaban kyaftin. Sai muryar ta shigo kunnen Likita, da ɗan amon ƙarfen da ake ɗora mata.

"Ka gaya mata ta tafi, kyaftin. Ban taɓa son Likita ba. Sabo ne kawai."



Likita ta sha sauraron maganar nan a wayarta har ta haddace ta. Ta san inda ya ja numfashi, ta san ɗan tsayawar da ya yi kafin "sabo". Ita ce, babu ko tantama. Amon ƙarfen kawai aka cire mata, aka yanke farkonta aka turo.

Ta zare abin kunnenta a hankali, ta kalli gilashi.

"Ƙawata," ta ce. "Amanar ke nan?"

Mai tacewa ta ɗaga kafaɗa, kunyar ma ta ƙare mata.

"Ni na riga ki saninsa. Ni nake gyara muryarsa tun ba ki san hanyar ofishin nan ba. Kuma ni ban ce ki yarda ba, ke kika yarda."

Darakta ya cire tabarau ya kalli mai tacewar ya daɗe. Sannan ya nuna mata ƙofa, ya ja kujerarta ya zauna gaban maɓallan da kansa.

Likita ta juya ga Ɗan Ƙarfe. Ta zata za ta ga sauƙi a fuskarsa. Ɓacin rai ta gani, wanda ya fi na da.

"Wannan ne?" ya ce. "A kan layin shiri Yayanki ya wulaƙanta ni a titi?"

"Muryarka ce... ya zan yi in sani?"

"Ki tambaye ni. Kafaɗarki na jikin tawa kullum, bakinki ne ya yi nisa?"

"Ka yi haƙuri, masoyi..."

"Kar ki kira ni haka. Duba takardarki ki ga abin da ita ta ce."

Ta duba. Layi ɗaya ne. Idonta ya cika har haruffan suka narke.

"Mu ɗauka," in ji Darakta a hankali.

Jar fitila ta kama. A allo likitar jirgi ta banko ƙofa, ta cakumi wuyan mutum-mutumin. Likita ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

"Ƙarya kake yi. Na san ka. Ƙarya kake yi don in tafi, kuma ba inda za ni."

Darakta bai nemi a maimaita ba.

"Kin ji ko?" Ɗan Ƙarfe ya ce bayan fitilar ta mutu. "Ita da kunnenta ta ji, daga bakin gwangwani, ba ta yarda ba. Ke kuwa turo miki aka yi."

Ya rataye abin kunnensa, ya ɗauki jakarsa. Ƙofar ɗakin mai nauyi ce, da kanta take rufewa. Ya fita, ƙofar ta fara rufewa a hankali, Likita na kallo kamar an dasa ta. Saura kaɗan ta haɗe ta zura ƙafarta ciki. Ta ji zafi har ƙwaƙwalwa, amma ba ta janye ba.

"To ina tambaya yanzu," ta ce. "Na makara, amma ina tambaya. Sabo ne?"

Ya tsaya bai juyo ba.

"Sabo ne," ya ce.

Kafin ta janye ƙafar, ya ci gaba.

"Na saba da sonki har na rasa yadda ake dainawa. Kuma wallahi na gwada, don kin cancanci in daina."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ya juyo ya kalli ƙafarta a matse, ya yi tsaki, ya ture ƙofar da kafaɗa.

"Ban huce ba, kar ki ga na buɗe."

"Na sani."

"Kuma ba zan sake taka ƙofar gidanku ba sai Yayanki ya zauna ya kalli kashin nan tun daga farko. Shi da maƙwabtan."

"Ya tsani shirin nan..."

"Shi ya sa," in ji Ɗan Ƙarfe, ya ajiye jakar a ƙasa.