Amsar da Aka Yanke

Shekarar ta kuɓuce mini, amma cikin shekarun farin nan ne, lokacin da gero ya bushe a tsaye daga Mirriya har Hamdara. Madam Kaltuma tana koyar da lissafi a wata lakwal, wato makarantar boko, a Zinder. Mijinta ya tafi ci-rani Libiya, ya bar ta da ƴarsu Zuliha a wani tsohon gida cikin Birni. Ɗalibanta kuwa, da yawa sun bi iyayensu neman abinci.

Sai ta ce darasi zai bi su ta waya. Ta zauna gaban ordinatar, kwamfutarta, tana neman manhajar da za ta ɗauki abin da take rubutawa a allon na'urar, haɗe da muryarta. Ta farko ta mai da muryar kamar daga cikin rijiya. Ta biyu kan tsinke tun darasi bai kai rabi ba. Ta uku ta zaɓa, mai kunnen da ke jin ko tafiyar ƙadangare, ga kuma almakashin yanke abin da ba a so.

Da almuru take ɗauka, idan unguwa ta yi tsit. Yadda ta saba a aji, haka take buɗe baki a ɗakin da babu kowa: "Assalamu alaikum. Ku matso kusa."

Wani yammaci da ta sake saurara, ta ji wani abu bayan sallamarta, siriri, kamar iska a bakin tulu. Ta yanke shi. Kashegari ya dawo, ta sake yankewa.

Daga nan duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufin gidan, kowace magariba. Zuliha ta daina cin abinci. Tana zaune tana kallon bango, tana rama a idon uwarta.

Aka ɗauko Malam Alkasum daga Mirriya. Ya daɗe yana karatu a kan yarinyar kafin bakinta ya motsa, da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Baƙo ne. Tafkina ya ƙafe, mutanen garin sun watse. Na shigo birni, babu mai kula ni. Sai matar nan ta yi sallama, ta ce in matso. Na amsa, kamar yadda aka wajabta. Ta sa almakashi ta datse mini harshe."

"Wallahi ban san da kai ba," in ji Kaltuma. "Ɗalibaina nake kira."

"Ai su ma ba sa nan."



"Ba a kyauta maka ba," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta yanke maka komai ba. Me zai fitar da kai?"

"A bar amsata, ko sau ɗaya."

Kaltuma ta kunna manhajar, ta yi sallama. "Wa alaikumus salam," in ji muryar, a hankali, kamar mai ɗanɗano. Zuliha ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ruwa."

Darasin ya tafi da amsar a cikinsa. Duwatsu ba su ƙara sauka ba.

Tun daga ranar Kaltuma ba ta ƙara cewa a matso ba, amma bayan sallama takan dakata kaɗan. In ta gama, sai ta mai da hoton baya, ta kara kunne a wurin. Manhajar mai jin tafiyar ƙadangare ba ta sake jin kowa ba.