Bindigar da Ta Ji Ƙishi

Wata shida Noelene Haddow, gwanar walda, ta yi tana gyaran wata tsohuwar bindigar yaƙi mai tulun ruwan da ke sanyaya ta, don a kafa ta a zauren tsofaffin sojoji na garinsu a jihar Queensland. Ita da kanta ta toshe bakin bindigar da walda. Tulun kuwa ya bushe tun ba a haifi Noelene ba.

Ranar Asabar da la'asar tana goge bindigar a zauren ita kaɗai, sai ta ji ƙarfen da ɗumi. Ta kasa kunne. Ruwa ne ke tafasa a ciki.

"Inna, kawo ruwa, ta yi zafi."

Wani saurayi ne cikin kakin sojan da, durƙushe a bayan bindigar, taɓo har gwiwa, alhali rabon garin da ruwan sama tun bara.

"Samari, mun tashi," ta ce, tana ja da baya. Ta murɗa ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta bubbuga, ta ƙwala ihu. Ƙarar motocin titi ma ta ɗauke.

"Ba mai fita sai an zo canjinmu," in ji shi. "Aikin mutum biyu ne, na daɗe ni kaɗai."

Ya juyo, ya matsa mata wuri. Ta ramin da ke ƙirjinsa Noelene ta hango bangon zauren.