Ciyawar Malam Nehemiya

Da hantsi Malam Nehemiya, ma'aikacin gandun daji, ya faɗo caji ofis na Fagge yana huci.

"Sufeto, an kashe ni! An sace min ciyawa!"

Sufeto Gana ya ajiye alƙalami. Shekara goma sha biyu yana aiki, ba a taɓa raina masa hankali irin na yau ba.

"Malam, na yi maka kama da makiyayi?"

"Damina biyu ina hawan duwatsun Mambila kafin na same ta da fure! Na busar da ita cikin tsofaffin jaridu, kowace da takardar inda na tsinko ta. Gobe jirgin ƙasa zai kai ta ma'ajiyar tsirrai a Ibadan. In ba ta je ba, a bakin aikina. Kuma na shafe ta da guba saboda ƙwari."

Jin guba, Sufeto ya suri hularsa.

A Sabon Gari, Madam Agnes, mai gidan da Nehemiya ya sauka, ta rantse ko kaza ba ta shigo ba. Sufeto ya nuna mata sabon ƙunshin itace a tsakar gida.

"Wannan da ƙafarsa ya zo?"

Ta yi tsaki. "Modu ne ya kawo, mutumin Fagge."

A bakin kasuwa Sufeto ya ci birki. Wata mai ƙosai na shirin naɗe wa mutum ƙosai cikin jarida mai shatin ciyawa. Ya fizge, ya haɗa da sauran jaridun da ke gabanta.

"Hajja, wa ya sayar miki?"

"Modu mai itace, ranka ya daɗe."

Suka tarar da Modu a ƙofar gidansa, ya zuba tagumi.

"Wallahi ban san wata jarida ba, yallaɓai. Ni ko karatun boko ban yi ba."

"Wa ya ce maka jarida muke nema?"

Sai ga nishi daga zaure. Sufeto ya ture shi ya shiga. Ƙaton rago ne kwance, kumfa na zuba daga bakinsa.

"Me ka ba shi?"

Modu ya durƙusa. "Jaridun kawai na so. Da na zazzage sai na ga ciyawa, na ce maimakon a yi asara, gara ragon layyata ya ci."

"Damina biyu!" Nehemiya ya yi kansa, sai da aka riƙe shi. "Damina biyu ka zuba wa rago!"

"Haba Malam, ciyawa ce fa."

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. Ya danna wa Modu ankwa da kansa, ya ce wani kurtun ɗan sanda ya wuce da shi.

Nehemiya ya tsuguna gaban turken ragon yana lalube. Takardun bayanin ciyawar guda arba'in ya tsinto, dukkansu da rubutun hannunsa. Ciyawa kuwa ko tsinke ɗaya ragon bai bar masa ba.