Dokar Wanda Ya Faɗi

"A yanke! Na ce a yanke!"

Kiɗa ya tsaya cak. Theo ya dafe kai da hannu biyu, ya juyo yana harara ta kamar ni na haifi babana, ba shi ya haife ni ba.

"Darcy, ya kuma!"

Ya kuwa kuma. Ga Baba can tsakiyar fili, riƙe da hannun jarumar fim ɗin, yana kaɗe mata ƙura yana tambayar ta ko ta bugu. Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta. Cewa aka yi ta faɗi ta zauna a ƙasa, amma duk faɗuwar da ta yi, kafin gwiwarta ta gama taɓa siminti tsohon nan ya tsame ta.

Theo saurayina ne, shi ne kuma daraktan. Fim ɗin a kan wata yarinya ce 'yar garinmu Milwaukee da ta tashi cikin 'yan pank, kiɗan nan mai ƙara da rawar turereniya, shekara arba'in da suka wuce, irin finafinan da ake yayi yanzu, masu sa tsofaffi hawaye, su sa yara sayen rigar fata. Ɗakin ƙasa na gidan abincinmu ya ara, domin a nan aka yi abin da gaske. A nan Baba ya ci ƙuruciyarsa da gashi tsaye kamar tsintsiya, shi da yau ko sili ɗaya babu a kansa. Ni na ba Theo shawara ya gayyato tsofaffin 'yan pank ɗin su cika fili a bayan yaran da ya ɗauka su yi rawa. A zatona alheri na yi.

"Baba Lenny," in ji Theo yana haɗiye fushi, "labarin ke nan fa. Ta faɗi, kowa ya taka ta ya wuce, shi ya sa ta bar garin."

"To ba a garin nan ta faɗi ba."

"Fim ne, Baba!"

"Fim ɗin ƙarya. Mu in mutum ya faɗi, ɗaga shi ake yi. Ko ba ka san shi ba. Ko shi ya fasa maka hanci ɗazu."

"Faɗa masa, Lenny!" Anti Bev ta ɗaga murya daga baya. Ƙawar marigayiya Mama ce, jikokinta sun cika mota, amma har yau gashinta kore ne shar. "Yaro ya zo yana koya mana ƙuruciyarmu!"

Tsofaffi suka sheƙe da dariya. Theo ya kama hannuna ya ja ni zuwa matakala.

"Ki yi masa magana."

"Ni? Wa ya taɓa yi wa Baba magana ya ji? Kunnensa ɗaya ma tun zamanin ganga ya mutu."

"Ba wasa nake ba... Kin gaya masa maganarmu?"

Na kai hannu ƙirjina. Zoben da ya ba ni yana rataye a sarƙa cikin rigata, inda ba mai gani.

"Ba yanzu ba, Theo."

"Tun bazara kike cewa ba yanzu ba! Ranar Lahadi zan koma Los Angeles. Na kama mana gida, na yi miki maganar aiki. Rabin raina, me kuma zan yi?"

"In na tafi wa zai tuna masa maganinsa? Wa zai tsaya kan kaskon kifi ranar Juma'a? Tun da Mama ta rasu ni kaɗai gare shi!"

"Ni kuma fa? Wa gare ni?"

Ina son Theo son da har kunyar kaina nake ji, ina kuma tsoron ranar da Baba zai sauko da safe ya tarar da kicin babu kowa. Duk wanda na juya wajensa, ɗayan na juya wa baya.

"Lahadi, Darcy," ya ce a hankali. "Ba zan sake roƙo ba. Na gaji da jin kamar sace ki zan yi."

Na samu Baba zaune kan akwatin lasifika, yana juya rigar fatar wani yaro da raini.

"Kalli wannan. Sabuwa fil, an sa almakashi an yage ta da gangan. Mu tamu talauci ne ya yage mana."

"Baba, don Allah. Sau ɗaya kawai, ka bar yarinyar ta faɗi."

"Kin ga ginshiƙin can?"

"Na sani, Baba. A nan Mama ta faɗi."

"Takalminta ɗaya ya cire. Na ɗaga ta, ta dube ni ta ce, 'Kai, warin albasa kake.' Shi ke nan, na ƙare." Ya yi murmushi, sannan ya ɗaure fuska. "Shi yaron naki yana so duniya ta kalli ɗakin nan ta ce mu taka mutane muke yi."

"Ba yaron... Baba, aikinsa yake yi."

Sai Baba ya miƙe, ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu.

"To. Ga su nan na ɗaure. Je ki ce masa ya kunna."

Aka saki kiɗa. Ganga ta ɗauka da gudu, yara suka hau turereniya, tsofaffi na ta tsalle a baya iya abin da gwiwa ta yarda. Jaruma ta nufi inda aka shata mata za ta faɗi. Ni dai idona na kan Baba, ina addu'a hannuwan nan su zauna inda suke.

Ba ita ta faɗi ba. Baba ne.

Ya tafi gaba ɗaya a kan kafaɗa, hannu a aljihu, ba abin da zai tare da shi. Yaran kuwa tun safe ake nanata masu duk wanda ya faɗi a tsallake shi, sai suka ɗauka cikin shirin ne. Suka ci gaba da tsalle a kansa.

Na ƙwalla masa kira, kiɗa ya haɗiye muryata.

Theo ko "a yanke" bai tsaya faɗa ba. Ya hankaɗe mai kyamara, kyamara ta kifa, ya kutsa cikin yaran yana watsa su hagu da dama. Wani ya ba shi gwiwar hannu a baki bai ko waiga ba. Ya durƙusa ya rufe Baba da jikinsa, sannan ya sa hannu ya tallafo shi tsaye. Kafin Anti Bev da mutanenta su ƙaraso, an gama.

"Baba! Baba Lenny, kana ji na? Ina ne ke ciwo?"

"Ta wancan kunnen," in ji Baba yana cije baki. "Wannan ba ya aiki."

A asibiti suka ce ƙashin kafaɗa ne ya karye. Aka rataye masa hannu a wuya, aka ce sai ya yi watanni bai ɗaga ko cokali mai nauyi ba. Ina jin haka na san magana ta ƙare. Theo na tsaye bakin ƙofa da kumburarren leɓe, na dube shi, shi ma ya gane.

"Theo, ka yi haƙuri," na ce, hawaye na zuba. "Ka ga dai da idonka. Ba zan iya bin ka ba..."

"Bin sa ina?" in ji Baba daga kan gado.

Na juyo na dube shi.

"Ke kina zaton makaho ne ni? Kurma aka ce miki. Zoben nan lilo yake yi duk sanda kika sunkuya kan kasko. Tun bazara nake jira ki buɗe baki, kin ƙi."

Anti Bev ta kawar da kai tana ƙunshe dariya. Ashe har ita ta sani.

"Shi ya sa na faɗi," in ji Baba.

"Ka... me?"

"Da gangan. Mutumin da ya rubuta a taka yarinya a wuce, ai sai na ga abin da zai yi in abin ya zo da gaske, kafin in ba shi tawa." Ya dubi hannunsa da ke rataye. "Karayar ce dai ba ta cikin shirin. Na manta na ɗaure hannuwana."

"Baba! Da ka mutu fa?!"

"A ɗakin nan na faɗi ya fi a ƙirga, ban mutu ba."

"Lokacin kana da gashi, Lenny," in ji Anti Bev.

Theo ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa. Ban sani ba dariya yake ko kuka. Ni kam fushi ne ya cika ni, da tausayi, da son tsohon nan mai taurin kai.

"To ka gwada shi, ya ci," na ce. "Me ya amfana? Yanzu da hannu ɗaya wa zai bar ka?"

"Ni na mutu ne?" Anti Bev ta ce. "Kifin ne ban iya soyawa ba, ko maganin ne ban iya dura masa ba? Mu nawa ne a ɗakin can yau? Duk mun yi ritaya, zaman gida ya ishe mu."

"Anti, ba haka ba ne..."

"Darcy." Baba bai cika kiran sunana da wannan murya ba. "Rabin dokar kika koya. Da uwarki ta rasu na faɗi, gaskiya ne. Kika ɗaga ni, na gode. Amma in ka ɗaga mutum, ka ga ya tsaya da ƙafarsa, sakin sa ake yi ya koma rawarsa, kai ma ka koma taka. Ba wanda ya ce ka riƙe shi har a tashi."

Kuka ya ƙwace mani. Theo ya taso ya tsaya a bayana, ya dafa kafaɗata.

"Kai kuma," Baba ya nuna shi da haɓa, "ka je ka gyara labarin nan. A ɗaga yarinyar."

"Na ji, Baba. Amma in an ɗaga ta, me zai sa ta bar garin?"

"Ba sai an taka mutum yake tafiya ba, yaro. Wani ma ana son sa, ya tafi."

Sai a lokacin na lura tun cikin motar asibiti nake damƙe da hannun Baba mai lafiya, har yatsunsa sun yi fari. Na ce a raina bari in saki, hannuna ya ƙi.

Shi ya zare nasa, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Je ki haɗa kayanki, 'yata," ya ce. "Na tsaya."