Badukun Titin Mansur

Ƙofar shagon rabi a buɗe take. Bangon da na saba gani cike da jakunkuna da gafakar Alƙur'ani babu komai a jikinsa sai ƙusoshi.

Nu'uman yana durƙushe yana naɗe basillarsa da wuƙaƙen aiki a cikin wani tsohon ƙyalle.

"Ashe gaskiya ne..." na ce.

Bai ɗago ba.

"Manal, bai kamata ki zo nan ba."

"A bakin mai tuyar masa zan ji za ka bar ƙasar? Ni ce zan zama ta ƙarshen sani?"

Sai a lokacin ya dube ni. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, kamar wanda ya yini a bakin murhu.

"An buga min huruj, ya galbi, ya zuciyata. Fita ce ba dawowa. Ranar Alhamis zan tashi."

Na dafa teburin aikinsa.

A gaban wannan teburin na fara ganinsa.

Ina aikin tarbar baƙi a wani otal a unguwar Jarwal ta Makka, saboda ina jin Larabci da Hausa da ɗan Turanci. Wata rana wata dattijuwa Baturiya daga ƙasar Ayalan, wadda ta musulunta ta ɗauki sunan Shaima, ta nuna min wani tsohon zobe na kakarta. A jikinsa akwai zanen igiyoyi da suka sarƙe da juna, irin na mutanensu na dā da ake kira Keltik. Ta ce so take a yi mata gafaka da wannan zanen, don ta haɗa addininta da gidansu a wuri ɗaya.

Aka ce mana in ba badukun titin Mansur ba, babu mai iyawa. Na raka ta.

Ya karɓi zoben ya daɗe yana juya shi, sannan ya yi murmushi.

"Ki ce mata wannan ai ɗan'uwan zanen daginmu na ado ne," ya ce da ni da Hausa. "Nasu ya fi namu son yawo ne kawai."

Na yi dariya har na manta ban fassara ba.

Gafakar ta fito da kyau, har Hajiya Shaima ta yi ƙwalla. Da ta koma gida sai 'yan'uwanta musulmi suka fara aiko da buƙatunsu. Wannan yana son abin ɗora Alƙur'ani na katako da sunan mahaifiyarsa, waccan tana son akwatin ajiye tasbaha. Ni ke karanta masa saƙonninsu. Nakan tsaya daga bakin ƙofa in na tashi aiki, ina kallon yadda yake bin fata da ƙarfe a hankali, ko yadda yake hure garin katako daga cikin sassaƙa.

Tun ina cewa aikin nake kallo, har na daina yi wa kaina ƙarya.

Shi ne ya fara furtawa, kuma ko kallona bai iya yi ba.

"Manal, ni ba ni da komai sai hannuwan nan. In sun ishe ki, zan je wurin Abuya."

"Sun ishe ni," na ce, na gudu.

Mahaifina, Alhaji Wada, wanda muke kira Abuya, a Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taho daga Kano a ƙasa, ya yi aikin Hajji bai koma ba. Mu 'yan ƙasa ne. Su Nu'uman kuwa ta Chadi da Sudan iyayensa suka biyo. Shi ma a Makka aka yanke masa cibiya, amma da iƙama yake zaune, takardar zama ta baƙi, wadda sai da ɗan ƙasa ya tsaya maka take rayuwa. Wanda ya tsaya masa kuwa, kafilinsa, shi ne Nawaf, ɗan ƙanin Abuya.

Nawaf ɗin da ya daɗe yana cewa a dangi ni matarsa ce, ni kuma ina cewa Allah ya kiyaye.

Ranar da Nu'uman ya zo gidanmu, ina laɓe a bayan labule. Abuya ya karɓe shi da gahawa da dabino, ya saurare shi har ya gama.

"Yaro, ban san ka da wani aibu ba," in ji Abuya. "Sallarka na sani, sana'arka na sani. Amma 'ya'yan da za ku haifa fa? Su tashi a garin kakanninsu suna baƙi, kullum gabansu na faɗuwa? Na ga yadda wannan ya ci mutane da idona. Ba zan saka jikokina a ciki da hannuna ba."

"Abuya, arziki na Allah ne..."

"Na sani. Amma na gama magana."

Na yi kuka, na kama ƙafar Ummi, na yi ta aika dattawa. Da mun sami lokaci, wataƙila da Abuya ya sauko, don mutum ne mai taushin zuciya. Nawaf bai bar mana lokacin ba. Yana jin labari ya janye sunansa daga shagon, ya ƙi sabunta iƙamar.

Wannan ne ya kawo ni tsakiyar shagon da babu komai, ina kallon wanda nake so yana ɗaure kayansa.

"Ina za ka?" na tambaye shi.

"Abeche, a Chadi. Wurin kawuna Dawuda."

"Ka taɓa zuwa?"

"Ko a mafarki." Ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Wai gida zan koma."

"To ka tafi da ni."

"Manal..."

"Wallahi da gaske nake. Ko a bukka ce zan zauna. Ko ruwa za mu riƙa sha mu kwanta."

"In ɗauke ki ba da albarkar mahaifinki ba? In raba ki da Ummi, da Harami, in kai ki inda ni kaina ban san hanya ba?" Ya girgiza kai. "Son da nake miki bai kai ni ga cutar da ke ba, habibti."

"To zan jira. Ka riƙa kirana, ko muryarka in ji."

Ya ajiye ƙyallen da ke hannunsa.

"Abuya ya zo nan jiya," ya ce. "Ya roƙe ni in bar ki ki warke. Na yi masa alkawarin ba zan neme ki ba, sai in shi ya neme ni."

"Ka yi alkawari a kaina ba ka tambaye ni ba?"

"Dattijo ne ya tsaya a gabana yana ƙwalla. Me zan ce masa?"

Na juya na fita, ina jin yana kiran sunana a hankali, ban waiga ba. Da na san kallon ƙarshe ke nan, da na waiga.

Ya cika alkawarinsa. Layinsa ya mutu ranar da ya tashi.

Ni kuwa ban warke ba.

Ina zuwa aiki, ina murmushi ga alhazai, ina dawowa in shige ɗaki. Abayoyina suka yi min yawa. Lokacin Hajji ya zo na karɓi aikin jagorar mata a Mina, don in gaji har in kasa tunani. Ban kasa ba.

Nawaf ya turo manya, na ce a'a. Ya sake turowa da turaruka da gwala-gwalai, na mayar. Abuya bai taɓa matsa min ba, sai dai in ya dube ni ya kawar da kai.

Hajji na biyu ya wuce a haka.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Nawaf ya same ni a falo, Abuya yana ɗakinsa a kishingiɗe, ƙofa a buɗe.

"Har yanzu badukun kike jira?" ya ce yana taɓe baki.

"Ko shi ko babu, ba kai ba ne, ya Nawaf."

Ransa ya ɓaci, bakinsa ya kufce masa.

"To ki yi ta jira. Tun bara na aika masa hoton walimar ƙanwarki, na ce taki ce da ni. Har addu'a ya aiko mana da ita."

Falon ya juya min.

Ban ji fitowar Abuya ba, sai ganinsa na yi tsaye yana dafe da bango.

"Maimaita abin da ka ce."

"Ammi, baffana, ni don mutuncin gidan nan na..."

"Fita," in ji Abuya. Bai ɗaga murya ba. "Ni hana shi na yi a gaban idonsa. Ban yi masa ƙarya ba. Fita daga gidana."

Da ƙofa ta rufe sai ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana kallon hannuwana da suka rame.

"Har yanzu shi kike so?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyata.

"Na ji tsoron wahalar jikokin da ba a haifa ba, ga 'yata tana ƙarewa a gabana," ya ce. "Zan neme shi. Izinin hukuma na aurar da 'yar ƙasa ga baƙo ma ni zan bi shi da ƙafata, ko zai kai ni ina."

Na faɗa jikinsa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ummi ta yi sujada a tsakiyar falo.

Ya ɗauki kwanaki yana tambaya a Mansur kafin ya sami lambar Malam Dawuda. Da hantsi ya kira, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a kan tebur tsakaninmu. Bayan gaisuwa aka miƙa wa Nu'uman.

"Assalamu alaikum, Abuya."

Muryar nan... Na toshe bakina da gyale.

"Ɗana, ka cika alkawari, ni kuma ga shi na neme ka. Abin da Nawaf ya gaya maka ƙarya ne. Manal ba ta yi aure ba. In har yanzu kana so, na ba ka ita."

Can nesa ta cikin wayar ina jin ƙarar guduma a kan katako, sai ta tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un..." ya ce a hankali, ya sake maimaitawa. "Abuya... tana kusa?"

"Ga ni," na ce.

"Manal, na jira. Allah shaida ne na jira. Da hoton nan ya zo sai da na kwanta ciwo. Kawu ne ya yi jinyata, shi da 'yarsa." Muryarsa ta karye. "Bayan ƙaramar salla aka ɗaura mana aure. Tana da juna biyu."

Ummi ta fashe da kuka ta bar falon.

Ni ban yi kuka ba. Wani sanyi ne ya sauko min tun daga kai har tafin ƙafa.

"Yaya sunanta?"

"Kabira."

"Tana kyautata maka?"

"Ba ta taɓa ɓata min ba." Ya ja numfashi. "Manal, in kin yarda, addini bai hana..."

"A'a, Nu'uman. Ita ta same ka a kwance ta tashe ka. Ba zan shigo mata da tsohon ciwo cikin ɗaki ba, tana ɗauke da ɗanka. Ka riƙe ta amana."

"Ya galbi..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Yanzu akwai mai shi."

Na ji kukansa, kukan namiji da yake ƙoƙarin haɗiyewa. Na miƙa hannu na kashe wayar da kaina, tun kafin zuciyata ta canja magana.

Abuya yana zaune kamar an dasa shi. A ɗan lokacin nan ya tsufa a idona.

Na tashi na zuba ruwan Zamzam a kofi, na durƙusa a gabansa na miƙa masa.

"Sha, Abuya."

"Manal, 'yata... ni ne..."

"Ka sha tukuna," na ce.

Da ya kai kofin baki, ruwan ya fara zuba a jallabiyarsa. Na tallafi kofin da hannuna biyu, na riƙe masa har ya shanye.